Ɓarayin Labarina da Rawanin Sidi

Daga innarki Hadiza, a Arlit, zuwa ga Nana.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Damagaram lafiya, Ya tsare ayarin motocinku tun daga bakin gari har Agadas, daga Agadas har ƙofar gidan gwaggonki. Na sa ta a ƙasan jakarki don kada ki gan ta sai kin isa. Ke ce ta fari, kin san ban saba zaunar da ke in yi doguwar magana ba, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Shi ya sa na ɗauki bik na rubuta.

Shekaranjiya kin riƙe bakin zanena kina kuka, kin ce in biyo ki da ayarin wata mai zuwa, ni da ƙannenki, tunda babanki ya ce ya bar mini zaɓi. Na ce miki zan yi tunani, kuma na yi. Amma kafin in ba ki amsa sai na gaya miki wasu kurakuraina, don daga cikinsu amsar ta fito. Ban da haka na ga kayen da kike rubuta labaranki a ciki, wanda kike ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma. Ki yafe mini, na karanta. Na ga kin kama hanyata, gara in nuna miki inda na yi tuntuɓe.

Ranar da komai ya juya mini wata Talata ce. Kina da shekara bakwai. Babanki ya dawo daga ma'adini tun kafin jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka, ya tsaya a bakin ƙofa da hular ƙarfensa a hannu. Ina kwance a kan gado ina karanta wani ɗan littafin soyayya da aka kawo mini daga Kano, har na ce masa ya ɗan jira in ƙare shafi. Ya jira. Da na ɗaga kai ya ce an liƙa sunayen waɗanda aka sallama, nasa yana ciki, don farashin iraniyom ya faɗi, kuma an ba mu wata ɗaya mu bar gidan kamfani. A gidan nan akwai famfo a tsakar gida, akwai lantarki, a unguwar kuma akwai ɗakin karatu na 'ya'yan ma'aikata inda nake aro miki littattafan yara na Faransanci, masu labarin yawon duniya, ina karantawa ina juya miki su da Hausa. Duk wannan ya ƙare a rana ɗaya. Da muka tashi, ni ba tukunya na fara ɗaurewa ba, kwalin littattafaina na fara ɗaurewa.

Kuskurena na farko a kan babanki na yi shi. Ya yi kwana goma yana gina mana ɗaki a unguwar bukkoki, da laka da katako da buɗaɗɗun ganguna. Hannunsa duk ya tsattsage. Da ya kai ni in gani, sai na tsaya na ce, a gaban maƙwabta, ɗakin kamar akurkin kaji. Ban yi nufin cin fuska ba. Na saba da littattafai inda miji ke kai amarya gida mai bene da fitilu, kaina cike yake da su, duk abin da na gani sai na auna shi da na takarda. Babanki ya juya. Ya je ya samo labule ya rataya. Amma shekara biyu bayan haka, ranar da ya ƙara mana ɗaki na biyu, ya ce mini cikin murmushi an faɗaɗa wa kaji wuri. A nan na gane maganar ba ta taɓa fita daga ransa ba. Nana, in kin ce abu kaza mummuna ne, mutum na iya mantawa. In kin kamanta shi da wani abu, kin ba shi hoto, hoton kuwa zama yake yi. A gidan gwaggonki za ki ga abubuwa da ba irin namu ba. Ki kama bakinki daga kamanta tuwonta da nawa, ko ɗakinta da namu. Na gode wa Allah da Ya ba ni miji mai haƙuri, ba kowa ke samun irinsa ba.

A bukkoki ne na san Tekna. Ke kin san ta tun kina ƙarama har kina ce mata Anna kamar yadda ɗiyarta Lalla ke ce mata, amma ba ki san yadda muka fara ba. Buzayen Gugaram ne, fari ya cinye musu dabbobi, suka gangaro gari. Mijinta Sidi yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, ita kuma tana da 'yar garka a bayan gari inda ruwan da kamfani ya zubar yake bi. Ranar da muka tare, ta leƙo ta katanga ta miƙo mini ƙwaryar tumatir da albasa, ba ta ma tambayi sunana ba.

Da babu ɗakin karatu, kika dame ni da son labari. Sai na fara ƙirƙira miki da kaina. Lokacin tawaye ya fara zafi, an kafa dokar hana fita daga magariba, don haka bayan la'asar muke zama a inuwar katangar Tekna. Wata tsohuwa ta ce mini ba a tatsuniya da rana, na ce mata wannan ba tatsuniya ba ce, labari ne. Daga ke da Lalla, yara suka ƙaru har suka kai goma sha. Labarin Tamo nake ba ku, yarinyar da ta shiga hamada neman taguwa, raƙumar kakarta da ta ɓace. Kin tuna.

A nan na yi kuskure na biyu, mai ban dariya ne shi. Na lura tun a littattafan ɗakin karatu cewa masu rubuta wa yara labarin yawo ba sa barin abu haka kawai. In jarumi ya shiga wurin da yaro bai taɓa gani ba, sai su kamanta masa shi da wani abu. Na ga abin ya yi kyau, sai na kwaso kamancensu yadda suke. Na ce yashi ya taso wa Tamo kamar igiyar teku. Na ce haƙoran taguwar farare kamar ƙanƙarar da ke zuba a ƙasar Turawa. Na ce tsoro ya girgiza ta kamar jirgin ruwa a cikin guguwa. Ina faɗa ina jin daɗin bakina, yara kuwa sun zuba mini ido. Lalla ce ta ɗaga hannu kamar a gaban malami a lakwal, ta tambaye ni ko teku wani irin raƙumi ne.

Tekna tana gefe tana tsinke ganyen albasa, ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Da Hausarta da ba ta raba mace da namiji ta ce mini:

“Hadiza, kai ma ka taɓa ganin teku?”

Na ce ban taɓa ba.

“To kai ba ka gani ba, yaro bai gani ba, wa zai nuna ma wani? Ka ce ƙishi ya kama Tamo, harshensa ya zama kamar cuku na bara. Ka ga in ba su haɗiye miyau ba.”

Na faɗa yadda ta ce. Wallahi na ga maƙogwaron yara uku ya motsa, wani ya tashi ya je randa. Daga ranar na gane abin da marubutan can suke yi wanda ni ban gane ba. Su yaran ƙasarsu sun san teku, sun san ƙanƙara, shi ya sa suke kamanta musu da su. Suna ɗauko abin da yaro ya taɓa da hannunsa ne su kai shi inda bai taɓa zuwa ba. Ni kuwa na ɗauko abin da bai sani ba ina bayyana masa abin da ya sani. Yaran da aka haifa a cikin yashi nake gaya wa yashi kamar teku. Sai na koma duba abin da ke gabanmu. Na ce ɓarayi sun matso shiru kamar tafin raƙumi a kan rairayi. Na ce dutse ya faɗo da ƙara kamar nakiyar da ake fasawa a ramin ma'adini, kuka toshe kunne gaba ɗaya. Na ce zuciyar Tamo tana bugawa kamar injin ban-ruwan garka in mai ya kusa ƙare masa. To yanzu ke za ki zauna da yaran Damagaram. Ba su san nakiya ba, ba su san jiniyar kamfani ba. Kada ki yi musu abin da na yi muku. Ki fara zagaya garin, ki ga duwatsun birni da kasuwa da tabki, ki ji abin da suke tsoro da abin da suke kwaɗayi, sannan ki buɗe baki.

Da na iya, sai kuma na yi yawa. Kowace jimla sai na rataya mata kamance biyu ko uku. Ranar da dila ya biyo Tamo, na ce tana gudu kamar barewa, numfashinta kamar zugazugin maƙeri, ƙafafunta kamar wannan, gashinta kamar wancan. Ke ce kika katse ni, kina zaune a kan gwiwoyinki:

“Inna, ki bar kamar-kamar ɗin nan. Ya kama ta ko bai kama ta ba?”

Na ji haushi a lokacin, amma kin fi ni gaskiya. Na koma na tuna littattafan da suka fi riƙe ki, na ga inda gudu ya yi gudu marubucin ba ya tsayawa ado. Kafin haɗari yake sa kamance ɗaya, gajere, don yaro ya ga wurin sosai. Bayan an tsira kuma ya sa wani mai ban dariya don yaro ya saki numfashi. A tsakiya sai gudu kawai. A kayenki na ga shafin da yarinyarki ta faɗa rijiya, kin kamanta duhun da abu huɗu kafin ta kai ƙasa. Ki zaɓi ɗaya. Na cikin tulu ya fi, ki bar shi, ki soke sauran.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na rubuta wannan takarda. Kin san wani sashe nasa, ba ki san duka ba.

Bayan sallamarsa babanki ya koma gyaran mota a tasha, wani lokaci yana bin kamyo zuwa Agadas. A wata tafiya masu bindiga suka tare su a hanya, suka sauke su, suka tafi da motar. Kwana biyu ba mu san inda yake ba. Ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, leɓɓansa sun fashe, da ƙyar yake magana. Na yi jinyarsa, raina yana tafasa. Da na koma ba ku labari, Tamo ta iso inda ɓarayin taguwar suka yi zango. Ina iya cewa komai. Sai na ce sun naɗe fuskokinsu da rawani kamar Buzaye, ba ka ganin komai sai ido. Na faɗe shi a inuwar katangar Tekna, Lalla tana zaune kafaɗarta na gugar taki.

Ban ma lura ba a ranar. Yara suka ji tsoro yadda nake so, na tashi ina ganin na iya labari. Bayan kwana biyu Sidi ya dawo daga tafiya, ya shigo unguwa da rawaninsa kamar kullum, da ledar dabino a hannu da yake raba wa yara. Yaran da suka saba rugawa su tarye shi suka watse suna ihu ga ɓarawon taguwa. Ƙaninki yana cikinsu. A lakwal aka fara kiran Lalla ɗiyar ɓarawon labari. Daga baya Tekna ta gaya mini abin da ya fi ci mata rai: Lalla ta roƙi ubanta ya cire rawanin in zai raka ta hanya. Mutumin da ko a gaban danginsa ba ya sauke rawani daga bakinsa, ɗiyarsa ta ce ya tuɓe shi a titi.

Kuma ki tuna wane lokaci ne. Lokacin da ake tsayar da mutum a shingen hanya saboda rawaninsa kawai, a tafi da shi a yi masa tambayoyi. Ni na ƙara wa wannan wuta itace, a bakin yara, da kalma uku.

Kwana tara Tekna ba ta leƙo ba, Lalla ba ta zo labari ba. Amma kowace safiya in na fito sai in tarar da ƙwarya a kan katanga, da tumatir ko salati ko ɗan karas. Babanki yana kwance ba ya aiki, ta san abin da ke cikin tukunyarmu. Tana fushi da ni, ba ta bar ku da yunwa ba. Ina ɗaukar ƙwaryar ina jin kamar in nutse. Babanki ne ya tura ni. Da na ba shi labari, ya ce shi da aka tare bai ce kowane mai rawani ne ya tare shi ba, kuma wanda ya tsince su a hanya ya ba su ruwa ya ɗora su a kan raƙumansa shi ma mai rawani ne. Ya ce in tashi in je, kada in bari rana ta faɗi.

Na same ta a garka tana jan ruwa zuwa fangali. Na yi sallama ta amsa, ba ta ɗago ba. Na durƙusa a kan laka na ce na yi laifi, ta yafe mini. Ta daɗe tana gyara bakin fangali da hannu. Sannan ta ce:

“Da ka zage ni, ni da kai ne, da mun gama. Amma ka sa shi cikin labari. Abin da yaro ya ji cikin labari, da shi yake girma.”

Na ce zan gyara. Ta tambaye ni ta yaya. Na ce zan kawo wani mai rawani a labarin, kyakkyawa kamar wata ɗan daren sha huɗu, mai kirki kamar mala'ika, ya ceci Tamo. Sai ga shi ta yi dariya, karon farko cikin kwana tara. Ta ce Sidi ba mala'ika ba ne, yana minshari, yana da rowar sukari, in ya fara labarin tayar mota ba ya gamawa. Ta ce in sa mutum kawai, yara za su gane shi.

Haka na yi. Kin tuna tsohon ja-gaban da ya nuna wa Tamo rijiya, mai minshari kamar kamyo a kan tudu, wanda yake ƙirga ƙwayar sukari kafin ya sa a shayi? Sidi ne. Ranar da na kawo shi yara suka yi ta birgima don dariya, Lalla ta rufe fuska tana cewa babanta ne, babanta ne. Su kuma ɓarayin na tuɓe musu kamannin kowa. Na ce suna laɓe kamar kunama a cikin takalmi. Bai goge komai a rana ɗaya ba. An yi watanni kafin sunan nan ya bar Lalla, kuma har yau akwai yaro ɗaya da ban tabbata ya cire shi daga ransa ba. Amma Sidi ya koma raba dabino, ya kuma aiko mini da saƙo ta bakin matarsa cewa minsharin ƙarya aka yi masa.

Ga abin da nake so ki riƙe, ɗiyata. Mugu a labari ki kamanta shi da abin da yake aikatawa, kada ki kamanta shi da wata ƙabila ko shigar wasu mutane ko yadda suke magana. Yaro ba ya raba labari da titi. Abin da kika liƙa wa mugu, zai neme shi a fuskar maƙwabcinsa. A Damagaram za a kewaye ki a tambaye ki labarin arewa, wasu za su so ki ce duk Buzaye kaza ne. Kina da baki mai daɗi, za su saurare ki. Ki gaya musu an tare babanki, gaskiya ne. Ki gaya musu kuma wanda ya ba shi ruwa, da wadda ta ciyar da ke kwana tara tana fushi da uwarki.

Littattafan soyayyata ban daina karanta su ba, kada ki ɗauka na tuba. Su suka koya mini son magana mai kyau, su suka raka ni shekarun da ba ni da kowa a garin nan, na gode musu. In kin samu sababbi a kasuwa ki aiko mini ta hannun direba. Ke dai kada ki karanta su sai kin gama aikin lakwal.

Kin san yadda muke yanzu. Wata huɗu ke nan Sidi ya tafi arewa neman aikin tuƙi, tunda hanyar kudu ta zame masa wahala, ba a ji daga gare shi ba sai sau ɗaya. Dangin Tekna da fari ya koro daga Gugaram sun sauka a gidanta, yara bakwai a ɗaki biyu, yawancinsu ba su jin Hausa sosai. Bayanta ya fara ciwo, ni nake taya ta jan ruwa da safe, ita take faɗa wa yaran abin da na ce in ina ba da labari, tana ƙara nata. Lalla ba ta samu tafiya kolej kamar ke ba, kuma jiya da kika je yi mata sallama na ga yadda ta tsaya a bakin ƙofa bayan kin juya. Babanki kuma ba zai roƙe ni in zauna ba, ba halinsa ba ne, amma na san wanda zai dafa masa in na tafi: babu.

Ina kewarki tun ba ki tafi ba. Na so in ga Damagaram, in ga ruwan sama na sosai, in zauna kusa da innata. Na kwana biyu ina auna wannan da wancan.

Ki gaida gwaggonki da maigidanta da yara, ki gaida innata ki ce mata ina nan lafiya. Ki yi wa gwaggonki biyayya, ki riga ta tashi, kada ki bari ta ce miki abu sau biyu. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki rubuta wa Lalla, ko layi biyar ne, kada ki jira ta fara. Babanki yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki, Tekna ta ce cukun da ke cikin ƙullin shuɗi naki ne ke kaɗai. Allah Ya tsare ki a hanya da gida, Ya kare ki daga sharrin mutum da na bakinki, Ya buɗa miki karatu, Ya kwantar da wannan fitina, Ya saukar mana da ruwa, Ya dawo da Sidi gidansa lafiya, Ya sada mu da alheri. Amin.

Amsar tambayarki kuwa, Nana, ba zan biyo ayarin wata mai zuwa ba. Na gaya wa babanki, na gaya wa Tekna. Ina nan Arlit.